Ciyawar teku da lafiyar ƙwaƙwalwa: inda bincike ya tsaya da inda talla ta zarce

A shekarar 2024 wasu masu bincike a Jami'ar Osaka Metropolitan da ke Japan, ƙarƙashin jagorancin Akiko Kojima-Yuasa, sun ba ɓeraye sinadaran da aka tatso daga wata ciyawar teku mai suna Ecklonia cava. Bayan haka suka ba su rotenon, gubar da ake amfani da ita a ɗakunan bincike don haifar wa dabba alamomi irin na cutar Parkinson, cutar ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa da wahalar motsi. Ɓerayen da suka sha sinadaran ciyawar sun fi 'yan uwansu iya motsi. Kafin a ce kwabo labari ya zagaya duniya cewa ciyawar teku na iya hana cutar Parkinson.

Irin wannan labari yana dawowa kusan duk shekara. Wani lokaci cutar Alzheimer mai kawo mantuwa ce a gaba, wani lokaci shanyewar ɓarin jiki, kuma a bayansa masu sayar da kafso a intanet ke biyowa. Mai karatun da ke da tsohuwa a gida wadda ta fara manta sunayen jikokinta yana da hujjar tambaya: shin an samo magani ne, ko kuwa zance ne kawai? Amsar tana buƙatar a bi abin daki-daki, domin akwai binciken gaske a ciki, akwai kuma tazara mai nisa tsakaninsa da gadon marar lafiya.

## Wace ce ciyawar teku?

Sunan ciyawa ara ta yi. Ba ta da saiwa, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Dangin gansakuka ce, irin koren nan da ke kwanciya a bakin rijiya ko saman kududdufi, sai dai ta teku tana girma har wasu nau'o'inta su zarce mita 30 a tsawo. Masana sun kasa ta gida uku bisa launi: ja, koriya, da mai ruwan ƙasa. Yawancin sinadaran da ake danganta su da ƙwaƙwalwa daga mai ruwan ƙasar suke fitowa.

Kada a haɗa ta da kainuwa, wadda tsiro ce ta ruwan daɗi. Kada kuma a haɗa ta da sifirulina, koren abin nan da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan yankin Tafkin Chadi suna shanyawa, suna kiransa dihe. Sifirulina dangin bakteriya ce, ba ciyawar teku ba, ko da yake 'yan talla sukan cuɗa su wuri guda.

Duniya tana samar da ciyawar teku kimanin tan miliyan 35 a shekara, kusan duka nomawa ake yi a cikin ruwa, ƙasar Sin ce kan gaba, Indunusiya na biye. A Afirka, Zanzibar ta yi suna da nomanta tun daga 1989, kuma mata ne mafi yawan manoman. Mutumin Kano ko Maraɗi da bai taɓa ganin teku ba ma ya sha cin karo da ita bai sani ba. Sinadarin aljinet da ke cikin maganin ƙwannafi Gaviscon daga ita ake samo shi. Farin magi kuwa asalinsa daga nan ne: a 1908 wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin gulutamet a romon ciyawar teku da ake kira kombu, shekara guda bayan haka aka fara sayar da Ajinomoto. Yau daga rake, rogo ko masara ake yin sa.

## Me ake nufi da kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Bambancinsu da ƙwayoyin fata ko na jini shi ne, idan sun mutu, galibinsu ba a maye gurbinsu. Don haka duk abin da zai hana su mutuwa, ko ya jinkirta ta, yana da daraja. Wannan shi ne abin da masana ke nufi idan suka ce wani sinadari yana ba ƙwaƙwalwa kariya. Kalmar ba ta nufin dawo da abin da ya riga ya mutu.

Hanyoyin lalacewar suna da yawa, amma huɗu ne suka fi fitowa a wannan bincike. Na farko wata irin tsatsa ce ta cikin jiki. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma wannan aiki yana barin burbushin sinadarai masu cin bangon ƙwayoyin, kamar yadda danshi ke cin ƙarfe. Na biyu kumburi ne mai daɗewa, inda ƙwayoyin tsaro na ƙwaƙwalwa, waɗanda aikinsu share datti ne, suke wuce iyaka su koma ɓarna. Na uku taruwar wasu furotin da suka dunƙule: amiloid da tau a cutar Alzheimer, alfa-sinukilin a cutar Parkinson, inda ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin ke mutuwa har hannu ya kama karkarwa. Na huɗu shi ne zaburar da ƙwayar jijiya fiye da kima har ta ƙone, kuma gulutamet ɗin da ƙwaƙwalwa ke ƙerawa da kanta ne ke yin wannan aika-aika idan ya yi yawa. Wanda ake ci a miya daban yake tafiya, domin hanji ne ke cinye mafi yawansa kuma ba ya kutsawa ƙwaƙwalwa yadda ya ga dama.

Girman matsalar shi ya sa ake wannan fafutuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma cutar Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 na adadin. Abin da ake kira gigin tsufa a gidajenmu, a ɗauke shi tamkar wani abu da dole ya zo da furfura, sau da yawa wannan cuta ce.

## Sinadaran da ake magana a kansu

Fukoidan shi ne mafi shahara. Wani masanin ƙasar Suwidin, Harald Kylin, ya fara ware shi a 1913. Shi ne yauƙin da ke jikin ciyawa mai ruwan ƙasa, kuma a gwaje-gwajen dabbobi an ga yana rage kumburi. Sai fukozantin, wanda ke ba ciyawar launinta, yana kuma kashe kaifin sinadarai masu tsatsar nan. Akwai florotanin, dangin abin da ke sa goro da ganyen shayi bauri, su ne ke cikin Ecklonia cava ta gwajin Osaka, ciyawar da ke da yawa a gaɓar tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu da kuma Japan. Masu binciken Osaka sun nuna cewa waɗannan sinadarai suna tayar da wani makunni a cikin ƙwaya da ake kira Nrf2, wanda ke sa ƙwayar ta ƙera nata makaman kariya. A cikin kwalbar gwaji kuma an ga wasunsu suna daƙile wani sinadari da magungunan mantuwa irin su donefezil ke daƙilewa.

Waɗannan sakamako ba ƙirƙira ba ce, an buga su a mujallun kimiyya, wasu an maimaita su a ɗakunan bincike daban-daban. Abin lura shi ne a kan wa aka yi gwajin.

## Tsakanin ɓera da mutum

Kusan duk abin da aka sani game da fukoidan, fukozantin da florotanin ta fuskar ƙwaƙwalwa ya fito ne daga ƙwayoyin da aka raina a faranti, ko daga ɓeraye, ƙananan kifaye da tsutsotsi. A faranti ana zuba sinadarin kai tsaye a kan ƙwayar. A jikin mutum kuwa sai ya tsallake ciki da hanji, ya shiga jini, ya kuɓuta daga hanta, sannan ya iso wani shinge da Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa tsakaninta da jini, wanda ke hana mafi yawan abubuwa wucewa. Fukoidan babban sinadari ne ƙwarai, kaɗan ne daga cikinsa ke ratsa hanji ya shiga jini, balle ƙwaƙwalwa.

Ɓera kuma ba ya kamuwa da cutar Alzheimer da kansa. Sauya masa ƙwayoyin gado ake yi, ko a ba shi guba, don ya nuna wani abu mai kama da cutar cikin makonni ko watanni, alhali a jikin mutum tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 tana ginuwa kafin alama ta farko ta bayyana. Galibi ma ana ba ɓeran maganin ne kafin a ba shi gubar, kamar yadda aka yi a Osaka. Marar lafiya kuwa sai ɓarna ta yi nisa yake zuwa asibiti.

Wani nazari da aka buga a 2014 ya duba magungunan Alzheimer 244 da aka gwada a kan mutane tsakanin 2002 da 2012. Guda ɗaya tak ya samu amincewa. Da yawa daga cikin sauran sun yi abin a zo a gani a jikin ɓera.

Masu goyon baya sukan kawo hujjar cewa mutanen Japan na cin ciyawar teku kullum kuma suna da tsawon rai. Gaskiya ne, amma Japan tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu cutar mantuwa idan aka kwatanta da yawan jama'a, saboda yawan tsofaffinta. Mai cin ciyawar teku a can kuma yana cin kifi, waken suya da ganyaye, don haka da wuya a ware gudummawar abu ɗaya. Wani bincike na 2010 ya ƙara wa zancen armashi: an gano cewa bakteriyar hanjin wasu Japanawa na ɗauke da ƙwayoyin gadon narkar da ciyawar teku, waɗanda suka samo daga bakteriyar teku, abin da ba a gani ba a hanjin Amurkawan da aka gwada. Ke nan abin da cikin wani ya narkar, ba lallai cikin wani ya narkar ba.

## GV-971: maganin da ya kai kasuwa

Sau ɗaya ne sinadarin ciyawar teku ya zama maganin Alzheimer da hukuma ta amince da shi, kuma labarinsa ya fi kowane gwajin ɓera koyarwa.

A ranar 2 ga Nuwamba 2019 hukumar kula da magunguna ta ƙasar Sin ta sanar da amincewa da wani magani mai suna GV-971, bisa sharaɗin a ci gaba da bincike kan yadda yake aiki da kuma amincinsa na dogon lokaci. An ƙera shi daga gutsattsarin aljinet na ciyawa mai ruwan ƙasa. Geng Meiyu ta Cibiyar Binciken Magunguna ta Shanghai ce ta jagoranci aikin na sama da shekara 20, kamfanin Green Valley kuma ya ɗauki nauyin sarrafa shi. Labarin ya girgiza duniya, domin tun 2003, lokacin da Amurka ta amince da memantin, ba a samu sabon maganin wannan cuta ba.

Hujjar masu maganin gwaji ce da aka yi wa marasa lafiya 818 a asibitocin Sin na tsawon mako 36. An ba rabi maganin, rabi kuma kafso marar magani, ba tare da likita ko marar lafiya ya san wanda ya samu wanne ba. A ma'aunin tunani da aka yi amfani da shi, waɗanda suka sha maganin sun fi sauran da maki 2.54. Bayanin da suka bayar kan yadda yake aiki ya zo da sabon salo. A wata maƙala a mujallar Cell Research a 2019 sun ce babban aikinsa a hanji yake: yana gyara tsarin bakteriyar hanji, hakan ya rage wasu sinadarai da ke tunzura ƙwayoyin garkuwar jiki, su kuma su daina kutsawa ƙwaƙwalwa suna hura wutar kumburi. Idan haka ne, matsalar shingen ƙwaƙwalwa ta ragu.

Masu suka sun tsaya a kan abubuwa da dama. Mako 36 ya yi kaɗan ga cutar da manyan gwaje-gwajenta kan ɗauki wata 18. Ba a tabbatar da hoton ƙwaƙwalwa cewa duk mahalartan na da amiloid ba, wato mai yiwuwa wasunsu wata cutar ce daban ke damun su. Sauran ma'aunan gwajin, irin su iya gudanar da harkokin yau da kullum, ba su nuna bambanci mai ƙarfi ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi damun iyali: shin tsoho zai iya yin alwala da kansa, ya gane hanyar gida? Sannan rukunin da ba a ba magani ba ya yi wani abin mamaki. Sun yi ta samun sauƙi har mako na 24, sai kwatsam suka faɗi ƙasa a makonni 12 na ƙarshe, kuma wannan faɗuwa ce ta buɗe mafi yawan tazarar da aka yi tinƙaho da ita.

Wanda ya fi ɗaga murya shi ne Rao Yi, masanin ƙwaƙwalwa kuma shugaban Jami'ar Likitanci ta Babban Birni a Beijin a lokacin. Ya yi ƙorafin cewa maƙalar 2019 ba ta ambaci rubuce-rubucen da ƙungiyar ta yi a baya ba, waɗanda suka bayyana aikin maganin ta wasu hanyoyi daban. Binciken da hukumomin Sin suka sanar da sakamakonsa a Janairun 2021 bai samu Geng da laifin ƙirƙirar bayanai ba, sai dai ya ce an yi kuskuren amfani da hotuna a wasu maƙalunta. Ta kai Rao ƙara kan ɓata suna, amma a Disamban 2021 wata kotu a Shanghai ta yi watsi da ƙarar, tana ganin muhawarar ilimi ce.

Abin da zai raba gardama shi ne babban gwaji na ƙasa da ƙasa, da aka tsara wa mutum sama da 2,000 a Amurka, Turai da Sin, wanda aka fara a 2020. A watan Mayun 2022 kamfanin ya dakatar da shi, yana mai kafa hujja da ƙarancin kuɗi da annobar korona. A cikin gida kuwa maganin ya shiga jerin waɗanda inshorar lafiya ta gwamnati ke biya, farashin kwali ya sauko daga yuwan (kuɗin Sin) 895 zuwa 296, aka yi ta sayensa. Lasisinsa na shekara 5 ya ƙare a ƙarshen 2024 ba a sabunta ba, a 2025 aka tsayar da sarrafa shi, iyalan da suka saba da shi suka shiga neman sa ruwa a jallo.

Adalci ya sa a ambaci wani abu da ke gefen masu maganin. A 2024 ɗakunan bincike biyu a Amurka, ɗaya a Jami'ar Chicago ɗaya a Jami'ar Washington ta St. Louis, sun ba da rahoton cewa GV-971 ya sauya bakteriyar hanji ya kuma rage amiloid a ƙwaƙwalwar ɓeraye, musamman maza. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa sinadarin yana yin wani abu. Amma an sake komawa kan ɓera.

Akwai wani na biyu da ya kai ga babban gwaji. Homotaurin sinadari ne da aka fara ganowa a jar ciyawar teku. Wani kamfanin Kanada, Neurochem, ya gwada shi a kan mutum sama da 1,000 a Arewacin Amurka, a 2007 sakamako ya nuna bai cimma abin da ake nema ba. Bayan shekara guda sai ga shi a kantunan Kanada a matsayin ƙarin abinci mai taimaka wa tunani, da sunan Vivimind. Wani sabon samfurinsa, ALZ-801, shi ma bai cimma babban burin gwajinsa ba a 2025, ko da yake kamfanin da ke yin sa, Alzheon, ya ce an ga alamun amfani ga waɗanda cutarsu ke matakin farko.

## Teku ba alheri kaɗai take bayarwa ba

'Yan talla na son kalmar "daga Allah ne, babu sinadari", kamar duk abin da ya tsiro da kansa ba ya cutarwa. Tarihin ciyawar teku ya ƙaryata wannan. A 1953 masana a Japan suka ware sinadarin kainik daga wata jar ciyawa da aka daɗe ana sha don kashe tsutsar ciki. Yau babban aikinsa a ɗakunan bincike shi ne kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera da tayar masa da farfaɗiya, domin yana kwaikwayon gulutamet ya zaburar da ƙwayar har ta mutu. Ɗan uwansa domoik, wanda shi ma a jar ciyawa aka fara gano shi, ya yi ɓarna a Kanada a 1987: mutum sama da 100 sun kwanta bayan cin wata halittar ruwa mai ɓawo daga tsibirin Prince Edward, wadda ta tara gubar daga ƙananan gansakukar teku. Aƙalla 3 sun rasu, wasu kuma suka rasa ikon riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa har abada.

Ciyawar hijiki misali ce mai fuska biyu. A 2019 masu bincike a Beljiyam da Holan sun nuna cewa tana inganta tunanin ɓerayen da aka sa wa alamun Alzheimer. Ita ɗin ce kuma hukumar abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a tun 2004 su daina ci, saboda yawan gubar arsenik da take tarawa daga ruwa.

## Abin da wannan ke nufi ga iyali

Wanda ya ga kafson fukoidan ko na ciyawar teku a Facebook ko WhatsApp ana cewa yana maganin mantuwa, ya sani cewa babu wani babban gwaji a kan mutane da ya tabbatar da hakan. Dokar ƙarin abinci daban take da ta magani a yawancin ƙasashe: ba a tilasta wa mai sayarwa ya kawo hujjar warkarwa. A Nijeriya ma, lambar NAFDAC a jikin irin waɗannan kaya ba shaidar cewa suna warkar da cuta ba ce.

Hatsarin da ya fi kusa shi ne aidin. Babban mutum na buƙatar maikurogiram 150 a rana, abin da gishiri mai aidin da abinci ke samar wa. Giram ɗaya na busasshen kombu na iya ɗauke da ninkin wannan sau goma ko fiye. Yadda ƙarancin aidin ke kawo maƙoƙo, haka yawansa ke rikita aikin ƙullin wuyan da ke sarrafa shi. A ƙarshen 2009 an janye wata madarar waken suya daga kasuwa a Ostireliya saboda kombun da ke cikinta ya jawo wa mutane wannan matsala. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai ciwon maƙoƙo su ne suka fi shiga hatsari. Fukoidan kuma yana da ɗabi'ar tsinka jini, don haka mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, kamar da yawa daga cikin waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, bai kamata ya haɗa su ba sai da sanin likita.

Dalilin da ya sa kasuwar waɗannan kafso ke ci a bayyane yake. Sababbin magungunan da Amurka ta amince da su, lekanemab a 2023 da donanemab a 2024, jinkirta cutar kawai suke yi, ba sa warkarwa. Na farkon ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18, kuɗinsa a 2023 dala 26,500 ne a shekara, ta jijiya aka fara ba da shi, kuma sai ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa akai-akai saboda yana iya jawo kumburi ko zubar jini a cikinta. Iyalin da wannan ya fi ƙarfinsu, idan aka nuna musu kwalba mai araha, da wuya su kau da kai.

Inda hujja ta fi ƙarfi a yanzu wuri ne da babu mai yi masa talla. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kimanin kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa na da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya magancewa, ciki har da hawan jini, ciwon sukari, shan taba, raunin ji, raunin gani, buguwar kai, gurɓatacciyar iska da rashin samun ilimi tun ƙuruciya. Sannan ba duk mantuwa ce Alzheimer ba. Ƙarancin bitamin B12, raunin aikin ƙullin wuya, ciwon damuwa da illar wasu magunguna duk suna sa tsoho ya rikice, kuma waɗannan likita na iya gano su ta hanyar tambayoyi da gwajin jini, ya kuma yi maganinsu.